Zaure, kamfanin inshora, ko gidan shari'a: ina wanda mota ta buge a Maraɗi zai kai kukansa?

A Maraɗi, idan mota ta buge mutum ko kabu-kabu ya kayar da fasinja, maganar diyya ba ta jiran a sallamo majinyaci. Tun ranar farko take tashi, a bakin gadon asibiti, sa'ad da dangin direba suka iso da ledar lemo da 'yan kuɗi a ƙunshe, wani dattijon unguwa na gaba. A gaisa, a yi addu'a, a ce ƙaddara ta riga fata. Daga nan sai dattijon ya dubi uban yaro ya ce, "Alhaji, da mu da ku duk ɗaya ne, don Allah kada maganar nan ta kai ga hukuma." Amsar da aka ba shi a wannan zama ita ke yanke mafi yawan abin da zai biyo baya, alhali mai ciwon bai ma san ko ƙafarsa za ta sake ɗaukarsa ba.

Hanyoyi uku ne a gaban wanda aka ji wa rauni. Akwai sulhu, a zaure ko wurin mai unguwa ko a fada. Akwai neman haƙƙi a kamfanin inshorar abin hawan da ya yi ɓarnar. Akwai kuma gidan shari'a. Jama'a na kallon ta farko a matsayin hanyar mutunci, ta uku a matsayin ta marasa kunya, ta biyu kuwa da yawa ba su san tana nan ba. Nawa ra'ayin a fili yake. In raunin babba ne kuma abin hawan yana da inshora, hanya ta biyu ita ce ta bi, kuma bin ta ba ya hana a gaisa da direba gobe a masallaci. Sauran biyun kowace na da inda ta fi dacewa, amma ba ko'ina ba.

Sulhu na da abin da sauran ba su da shi, wato sauri. Ranar da aka kwantar da mutum a babban asibitin jiha ko asibitin Referans, ranar ce za a miƙo takardar magani, a ce a je a yi hoton ƙashi, a nemo jini. Kamfanin inshora ba zai zo da kuɗi a wannan daren ba, alƙali ma haka. Dangin direba ne za su zo. Sannan garin nan, duk girmansa, gari ne na sanayya: wanda ya buge ɗanka a Zariya ko Ali Ɗan Sofo, in ka bincika, ƙanin abokin cinikinka ne a babbar kasuwa. Dokar ƙasa ma ta san da wannan hanya. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta bai wa sarakuna da masu gari da masu unguwa ikon sasanta mutane a kan rigingimun da ba na laifi ba, tare da rubuta abin da aka daidaita a kai. Don haka wanda ya kai maganarsa gaban mai unguwa, ko fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ko ta Sarkin Gobir a Tibiri, bai fita daga tsari ba. In raunin ƙujewa ce da targaɗe, kwana 3 mutum ya koma shagonsa, ni ban ga dalilin wuce nan ba. A biya magani, a gyara babur, a sha hannu.

Matsalar tana farawa ne inda ƙashi ya karye, ko kai ya bugu, ko aka taɓa ƙashin baya. A zaure, ba girman rauni ake aunawa ba, aljihun direba ake aunawa. In yaron mota ne mai kwana a tasha, jika 50 ma sai an yi masa karo-karo. Ga kuma lokacin da ake yin zancen, makon farko, tun likita bai iya cewa ga yadda ƙafa za ta warke ba. Wanda ya yanke kuɗin rauninsa a wannan mako kamar wanda ya sayar da geronsa ne tun bai fid da kai ba. Bayan wata 8 sai a ga ƙafa ta gajarce, ko ƙarfen da aka sa yana neman a sake aiki, ko telan da ke taka keke ba ya iya takawa. A lokacin dangin direba sun daina zuwa, kuma a ganinsu ba su yi laifi ba, tunda an ce an gama.

Abin da ya fi damuna a sulhun zaure shi ne wanda ke furta kalmar yafiya. Sau da yawa ba mai ciwon ba ne. Baffa ne, ko miji, ko malamin almajiri, ko maigidan da ɗan ƙauye ya sauka wurinsa. Su suke jin nauyin dattijon da ya zo, su suke cewa "mun bar wa Allah", wani kuma shi zai rayu da ɗingishi. Addinin da ake kafa hujja da shi bai ce haka ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalan mamaci, sai fa in su da kansu suka yi sadaka da ita. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan sun ƙayyade ta: raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya ga rai, rabin haka ga hannu ɗaya ko ido ɗaya, raƙuma 10 ga yatsa, 5 ga haƙori. Kotunan Nijar ba da wannan ma'auni suke hukunci ba, amma ya isa ya nuna cewa karɓar diyya ba rashin tawakkali ba ne. Yafiya alheri ce babba, sai dai ta mai haƙƙi ce. Baffa zai iya yafe rabonsa. Rabon maraya ba nasa ba ne balle ya kyautar.

Yanzu ga hanyar da na ce an fi jahilta. Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora guda, wadda ake kira dokar CIMA. An sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ita ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, mota ko babur ko adaidaita, ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya ji wa ciwo. Takardar nan da direbobi ke ɗauka a matsayin abin nuna wa jandarma a hanyar Tasawa ko ta Gidan Rumji, ainihin aikinta ke nan. An biya kuɗinta tun kafin haɗarin, domin irin wannan rana. Wanda ya ƙi nema, ba direba ya tausaya wa ba, kamfani ya bar wa. Na san malamai sun yi saɓani kan halaccin inshorar kasuwanci, amma da yawansu sun bambanta tsakanin mai sayen inshora da wanda aka ji wa rauni, domin shi na biyun haƙƙinsa yake karɓa daga wanda ya tsaya wa mai laifi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin ya yanke, kada ya yanke a bakin gado.

Dokar ta tsaya wa mai rauni fiye da yadda ake zato. Mai tafiya a ƙasa ko fasinja, ba a hana shi diyyar jikinsa don an ce shi ya tsallaka titi ba tare da dubawa ba, sai in da gangan ya nemi abin ya same shi. Direban da ba shi da lasin tuƙi ba hujja ba ce da kamfani zai kore ka da ita: zai biya ka, sannan ya bi direban. Matar direba da 'ya'yansa da ke cikin motar su ma ana biyan su kamar kowa. In motoci biyu ne suka yi karo, fasinja ba ya buƙatar jiran a gano mai laifi, kamfanin motar da yake ciki shi zai fara kula da dosiyensa. Wanda wannan inshora ta tilas ba ta rufe shi ba shi ne direban kansa a kan nasa abin hawan. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi shi kaɗai ba shi da abin nema a nan, in kuwa wata mota ce ta buge shi, ana duba nasa laifin a rage masa gwargwado, ko ma a hana shi gaba ɗaya.

Akwai kuma wa'adi, wanda shi ne makamin talaka a wannan hanya. 'Yan sanda ko jandarmomin da suka yi konsta, wato rahoton hukuma na yadda haɗarin ya faru, suna da wata 3 su aika wa kamfani takardar. Kamfani yana da wata 6 daga ranar haɗari ya gabatar maka da tayin abin da zai biya, in rasuwa ce kuwa wata 6 daga ranar rasuwar. In ya makara, doka ta ɗora masa ƙarin kuɗi na jinkiri. In har wata 6 ta cika rauni bai tsaya ba, yana iya yin tayi na wucin gadi, a jira na ƙarshe. Tun kana kwance ma kana da ikon neman ya ba asibiti takardar lamunin ɗaukar kuɗin magani. Amma a kula: in kamfani ya aiko wasiƙa yana neman takardu, aka yi mako 6 ba a amsa ba, wa'adin nan tsayawa yake yi har sai an amsa. Dosiye da yawa a nan suke kwana, wasiƙa na cikin aljihun wanda bai iya karanta Faransanci ba, shi kuma yana cewa kamfani ya yi shiru.

Nawa ake samu? Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ba dukiya ba ce. Dokar CIMA ba ta bar wa kowa ƙiyasi ba, ma'auni ta kafa, kuma kusan komai a cikinsa an ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa. A Nijar wannan albashi ya daɗe a kan sefa 30,047 a wata, aka ɗaga shi zuwa jika 42 daga farkon 2024, wato jika 504 a shekara. Kuɗin magani ana mayar da su bisa rasit, amma ba za su wuce ninki 2 na farashin asibitin gwamnati ba, abin da ya kamata mai niyyar tsallakawa asibitin kuɗi a Katsina ko Kano ya sani kafin ya hau mota. Kwanakin da mutum ya yi bai yi aiki ba ana biya in sun haura 8. Ma'aikaci mai takardar albashi, da albashinsa na wata 6 da suka wuce ake lissafi. Ɗan kasuwa, da takardun harajinsa na shekara 2. Wanda ba shi da ko ɗaya, ana mayar da shi kan jika 42, ko da a zahiri yana samun ninki 4 na haka. Wannan ya shafi mafi yawan mutanen Maraɗi, garin da dukiyarsa ke yawo tsakanin kasuwa da iyaka ba tare da takarda ba. Mai sayar da atamfa da ya kwanta wata 3, jika 126 ke nan a wannan babi, komai yawan cinikin da ya wuce shi.

Azabar ciwo ma tana da mataki 8, haka muni da tabon da rauni ya bari. Mataki na farko kashi 5 cikin 100 ne na albashin shekara, na huɗu kashi 40, na shida kashi 100, na ƙarshe kashi 300. In likita ya sa ka a mataki na huɗu, sefa 201,600 ke nan. Babban kaso yana zuwa ne daga naƙasar da ta zauna. Bayan rauni ya tsaya, ba ya gaba ba ya baya, likita zai auna kashi nawa cikin 100 na lafiyar jiki aka rasa, a haɗa da shekarun mutum, yaro ya fi tsoho samu. In naƙasar ta kai kashi 50, ana ƙara diyyar abin da mutum zai rasa na samu a gaba. In ta kai 80, ana iya ƙara kuɗin wanda zai riƙa kula da shi. A haɗa waɗannan duka ga wanda ya karye a cinya ya tashi da ɗingishi, za a ga sun yi wa abin da ake bayarwa a zaure nisa, kuma ba daga bakin 'ya'yan direba aka ciro su ba.

Tunda lissafin duka a kan alƙalamin likita ya rataya, ranar awo ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci. Dole kamfani ya sanar da kai aƙalla kwana 15 kafin ta, ya gaya maka sunan likitan da wurin. Kana da ikon zuwa da naka likitan, kai za ka biya shi, kuma a babban rauni ina ganin kuɗin nan ba asara ba ne. In likitocin biyu suka saɓa, su zaɓi na uku, maganarsa ce za ta zauna. Kada jarumta ta sa ka ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi" ga likitan da ke riƙe da biro. Godiya ga Allah daban, bayanin ciwo daban. In ba ka iya durƙuso a salla, faɗa. In hannu ba ya ɗaga buhu, faɗa. Bayan an sa hannu kan yarjejeniya ma akwai kwana 15 da za ka iya janyewa ta wasiƙa mai shaidar karɓa in ka ga ba a bi ma'aunin doka ba, daga nan kamfani yana da wata 1 ya biya. Yarjejeniyar da ta shafi yaro ƙarami kuwa sai ta bi ta hannun iyayensa, in ba su da rai kuwa ta hannun alƙalin da ke kula da haƙƙin yara ko majalisar dangi, kafin ta inganta.

Wahalar wannan hanya ba ɓoyayya ba ce. Kamfanoni irin su Leyma da NIA da CAREN da SUNU cibiyoyinsu na Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, kuma manyan dosiye can ake yanke su, ko da a ofishin Maraɗi aka ajiye. Takardu ne da yawa. In rasuwa ce, za a nemi takardar mutuwa, da ta gado, da takardar haihuwar kowane yaro, da shaidar aure, ga shi gidaje da dama sai a lokacin za su fara neman hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar haihuwa. Rabon kuɗin ma dokar ce ke faɗin na kowa, mata da 'ya'ya da iyaye, ba lissafin gado ba, don haka gidan da ke da mata 2 ko 3 gara su zauna da malami da masanin doka tun kafin kuɗi su fito. A cikin wannan gajiya ne dillalan dosiye ke samun shiga. Mutum zai zo har gida ya ce, "Hajiya, ki ba ni wakilci kawai, ni na san mutanensu." Akwai na kirki a cikinsu, amma kada a ba kowa takardun asali, kada a sa hannu a kan farar takarda, a rubuta ladansa tun farko, kuma a nace cak ya fito da sunan mai haƙƙi. In kamfani ya yi ta ja, akwai ofishin da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ma'aikatar kuɗi, ana kai masa koke a rubuce.

To gidan shari'a fa? Nan ne mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Ana zaton alƙali zai ba da abin da ya fi na kamfani nesa ba kusa ba. A haɗarin abin hawa mai inshora, alƙalin babbar kotun Maraɗi da wannan ma'auni na CIMA zai yi aiki, bai da ikon ƙetare shi don tausayi. Ƙari a kan haka, doka ta hana a kai rigimar da ke tsakaninka da kamfani gaban alƙali sai wa'adin tayin nan ya cika. Ashe kotu ba wata hanya ce ta daban da za ka zaɓa tun ranar farko ba, mataki ne na gaba idan ta biyu ta toshe. Tana da amfani in kamfani ya ce motar ba ta da inshora a ranar alhali tana da ita, ko ya ɗora wa ɗan kabu-kabu laifin da ba nasa ba, ko ya bar wani babi na diyya bai lissafa ba, ko ya yi gum har wa'adin ya wuce. Wanda ke da tayi a hannu da ya yi daidai da ma'auni, ya ƙi shi don yana son ya ji daga bakin alƙali, zai ƙara wa kansa watanni ko shekaru, da kuɗin lauya, da yiwuwar ɗaukaka ƙara, ya dawo kusa da inda ya baro.

Lauyoyin Nijar mafi yawansu a Yamai suke zaune, kawo ɗaya Maraɗi kuwa kuɗi ne. Amma tun 2011 akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotuna. Bayani kyauta ne ga kowa, wanda kuma ya cika sharuɗɗa ana iya sama masa mai kare shi. Ko ba ka da niyyar ƙara, kai musu tayin kamfani su duba kafin ka sa hannu.

Akwai wani ɓangare na shari'a da ba a hannunka yake ba. Jin wa mutum rauni ko kashe shi bisa sakaci laifi ne a dokar ƙasa, mai gabatar da ƙara na gwamnati shi ke da ikon bi ko bari, kuma yafiyar dangi ba ta ɗaure masa hannu, ko da yake tana iya sassauta hukunci. Wannan shi ne ainihin abin da dangin direba ke tsoro sa'ad da suke roƙon kada a kira konsta: tsarewa, da kama mota, da zaman kotu. Tsoron nasu na gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai ya kamata su ma su san cewa kuɗin da direba ya biya a zaure ba da sanin kamfaninsa ba, kamfanin ba dole ne ya mayar masa ba. Direba mai inshora da ya hana a yi konsta ya ɗauki kayan da ya riga ya biya wani ya ɗaukar masa. Abin da ya fi wa kowa shi ne a yi konsta, mai rauni ya gaya wa hukuma cewa ba ya neman a ɗaure kowa, ya bar haƙƙinsa na diyya a buɗe. Ana iya amsa wa dattijon nan da ladabi: "Baba, mun yafe masa tsakaninmu da Allah, ba ma son a taɓa shi. Takarda dai a bari a yi, saboda kamfani."

Duk wannan bayani ya tsaya ne a kan abin hawa mai inshora. A titunan Maraɗi kuwa, babura da adaidaita da yawa ba su da ita, ko ta ƙare ba a sabunta ba. A nan lissafi juyawa yake. Dokar farar hula ta ce wanda ya jawo wa wani ɓarna shi zai gyara, kuma ana iya bin mai abin hawan ko maigidan da direba ke yi wa aiki, ba yaron da ke tuƙi kaɗai ba. To sai a duba wa ke bayan babur ɗin. In na wani mai hali ne da ke da babura da dama yana karɓar kuɗin yini, ko motar wani kamfani ce ko ta ɗan kasuwa, kotu na da amfani, domin akwai abin da za a kama in an yi hukunci, kuma sanin haka kaɗai yakan sa a yi sulhu mai kyau. In kuwa yaro ne da ya zo daga Dakoro ko Mayahi cin rani da babur na bashi, hukuncin miliyan 2 a kansa takarda ce kawai. Nan sulhu ya fi, amma sulhu na hankali: a gaban mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu, a rubuce, da shaidu, da mai tsaya masa, a faɗi abin da zai riƙa kawowa duk wata, kuma a rubuta cewa in likita ya ce sai an sake aiki za a sake zama.

Manyan motocin da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa da lambar Najeriya su ma sai an yi hanzari, domin in mota ta koma ta tsallaka iyaka bin ta aiki ne. A ɗauki hoton lambarta da takardar inshorar da ta shigo da ita tun tana tsaye, a tabbatar jandarma ya rubuta su. Wanda kuma ya ji ciwo a bakin aiki, a kamfani ko wurin gini, tasa hanyar ta CNSS ce, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa, in an yi masa rajista, maigida ne ke da alhakin kai rahoto cikin awa 48, in ya ƙi sai a nufi ofishin sufeton ƙwadago.

Kowace hanya mutum zai bi, abu biyu ne ke riƙe da ita, kuma dukansu a kwanakin farko ake samun su ko a rasa su. Na ɗaya konsta. Na biyu takardar likita ta ranar farko, wadda ta faɗi raunin da kwanakin hutun da aka ba ka. A nan ne al'adarmu ta zuwa wurin mai ɗori ke yi wa mutane illa ba su sani ba. Ban zo in yi musun gwanintar maɗora ba, kowa ya san wanda suka ɗora ya miƙe. Amma mai ɗori ba ya ba da takarda, kamfani da alƙali kuwa ba sa karanta tsinke da tsumma. Wanda aka ɗauke daga titi aka wuce da shi ƙauye kai tsaye, bayan wata 4 ya dawo neman haƙƙi, da wuya ya iya nuna cewa wannan karaya daga wannan mota take. Ko da zuciyarka na wurin mai ɗori, fara biyawa ta asibiti, a yi hoto, a rubuta. Sannan a sami mutum ɗaya a gida mai karatu, a ba shi jaka guda, duk rasit na farmasi da na awo da na hoto ya shiga ciki, har da lambar wayar mutum 2 da suka ga abin da idonsu.

Wanda ya riga ya karɓi kuɗi a bakin gado kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. Kuɗin magani da dangin direba suka kawo taimako ne, karɓarsu kaɗai ba ya nufin ka sauke haƙƙinka a kan kamfani. Abin da ke jawo rigima shi ne takardar da ka sa wa hannu cewa ka janye komai, ita ma a kai wa masanin doka ya karanta kafin a fid da rai. Dokar CIMA ta ba da shekara 5 daga ranar haɗari don neman diyya, kuma a cikin wannan wa'adi wanda aka riga aka biya, in rauninsa ya ƙara tsananta, yana iya komawa wurin kamfanin da ya biya shi da sabuwar takardar likita. In an yi konsta a lokacin, kwafinta na nan a komisariya ko birgad ɗin jandarmomin da suka yi ta, kuma lambar inshorar motar na rubuce a ciki.